Teburin da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Shekarar da gobara ta cinye unguwarmu a kan tudun birnin Valparaíso da ke bakin teku, da kayan jikinmu kawai muka tsira: ni, da mijina Nelson, da mahaifiyarsa Mama Herminia. Gidan babba ne, marigayi mijinta ya gina shi kaɗan-kaɗan. Da muka dawo bayan wuta ta mutu, da matakalar siminti kaɗai muka gane wurin.

'Yan agaji suka kafa mana ɗakin katako guda ɗaya a filin, irin wanda aka kafa wa kowa. Gado biyu, labule a tsakani, murhun gas a lungu. Kwano uku, kofi uku, tukunya ɗaya. Nelson ya bubbuga ƙusoshi a bango kowa ya rataye tufafinsa. Gaskiya ban sha wuyar da na zata ba. Shara ba ta cin lokaci, babu abin da ke ɓacewa. Da yamma mu ɗora shayi da burodi a gwiwa, muna kallon jiragen ruwa ta ƙofa. Har Mama ta koma tsokana, wai minsharin Nelson ne ke kaɗa labule.

Ana nan wata Asabar sai muka ji hayaniya daga ƙasa. Na leƙa, sai ga Don Eleuterio, tsohon kafintan da ke da shago can cikin gari, yana gaba, ƙarti na biye da shi ɗauke da wani abu a ka, suna hawa suna nishi.

Teburin cin abincinmu ne. Mun manta da shi sarai. Kafin gobara ƙafarsa ɗaya ta yi girgiɗi, aka kai shi gyara, shi ya sa wuta ba ta same shi ba. Teburi ne na mutum goma sha biyu, baƙi, mai nauyin tsiya. A kansa Mama ta ciyar da 'ya'yanta duka.

"Señora Herminia, ga amanarki," in ji Don Eleuterio yana share gumi. "Zan rufe shago, mai wurin ya ce in tashi. Na riƙe shi iya riƙewa."

Mama ta matso kusa. Ta kifa tafukanta biyu a kan teburin, ta tsaya haka. Tun ranar gobara ban ga hawayenta ba sai a lokacin.

Aka gwada shigar da shi. Aka karkata, aka miƙar, aka cire ƙyauren. Lucho maƙwabcinmu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo ta tagarsa.

"Nelson, ai sai dai ka ɗauki ɗakin ka ɗora a kan teburin!"

"Rufe mana baki, ka zo ka kama," in ji Nelson.

Ya zo ya kama, amma a banza. Ko da ya shiga, sai dai mu mu fito. Aka ajiye shi a waje jikin bango, aka sa bulo a ƙarƙashin ƙafa biyu saboda gangare.

Da farko abin ya yi daɗi. Ran Lahadi Mama ta dafa wake da kabewa, maƙwabta suka zo kowa da kwanonsa, wasu a tsaye wasu a kan bokiti. Amma lokacin sanyi ya ƙarato, kuma a nan sanyi da ruwa tare suke zuwa. Nelson ya samo leda babba ya rufe teburin, ya danne da duwatsu. Iskar teku ta yaga ta. Ya sake wata, ta tafi da ita gaba ɗaya.

Na kira Eliana, ƙanwar Nelson da ke babban birni Santiago, ko za ta ajiye mana teburin.

"Haba Gladys, a ina zan sa shi?" ta ce. "Kin ga gidan nan ai. In na buɗe firij sai na rufe ƙofar banɗaki."

Na je coci. Fada, limamin cocin, ya buɗe mini zauren, na ga kayan agaji tuli har rufi, ya ɗaga kafaɗa. Na zagaya unguwa, kowa ɗakinsa irin namu ne. Wani mai gidan abinci ya ce yana so, zai saya. Da na faɗa wa Mama sai ta dube ni kamar na zage ta.

"Mashaya su riƙa zubar masa da giya? Ina raye?"

"Mama, ruwa zai lalata shi."

"To ku hana ruwan."

Ruwa ya sauko. Da ya ɗan tsagaita sai Mama ta ɗauki tsumma ta fita, ta goge teburin daga wannan kai zuwa wancan. Kafin ta gama wani ya sake saukowa. In na riƙe ta, sai ta fizge. Nelson direban bas ne, tun safe yake fita, ni ke nan da ita.

"Mamita, bari in yanke shi," ya ce da ita wata rana. "In fitar da ƙarami, ya shigo ciki, ki ci abinci a kai."

"Ka fara yanke ni."

Ya fita waje ya tsaya cikin yayyafi, hannu a aljihu. Na bi shi.

"Me kike so in yi, Gladys? Faɗa mini. In na taɓa shi, na kashe ta. In na bar shi, shi zai kashe ta."

Muka tsaya muna kallon ruwa na taruwa a tsakiyar teburin inda ya fara lotsawa.

Sai tari ya kama Mama. Ta kwanta da zazzaɓi, likita ya ce ko ƙofa kada ta leƙa. Daga kan gado take tambayata, "Kin goge shi?" In ce na goge. Ina gogewa kuwa, amma katakon ya riga ya sha ruwa ya kumbura, fentin ya yi fari-fari yana ɓarewa. Ranar da ta samu ƙarfin tashi, ta dafa ni muka fita. Tsaga ta ratsa shi daga gefe har tsakiya, yatsa na shiga. Ta shafa tsagar, ta daɗe.

"Ki gaya masa ya yanka," ta ce. "Amma ki kai ni ɗakin Lucho tukuna. Ku kunna rediyo."

Matar Lucho ta ƙure rediyo, amma bangon katako ba ya tare komai. Muna jin zarto. Mama na zaune da kofin shayi a hannu, ba ta kurɓa ba har ya huce.

Abin da Nelson ya iya cetowa bai fi faɗin tire biyu ba. Ya sa masa ƙafafu, ya shigar da shi tsakanin gadajen. Ya zauna daidai. Mama ta duba ta ce, "Ya yi."

Sauran katakon ya kwana biyu jingine a waje. Lokacin hanyar zuwa famfon unguwa ta zama taɓo, mata na zamewa da bokiti. Lucho ya tambayi Nelson, Nelson ya ce ya ɗauka. Aka shimfiɗa allunan a kan taɓon, kowa ya ji daɗi.

Da safe Mama ta ce za ta raka ni ɗibar ruwa. Muka isa wurin, ta gane su nan take. Wani yaro ya wuce a guje a kansu, takalminsa duk laka. Sai ta sauka gefe, ta sa ƙafa cikin taɓon har idon sawu.

"Mama, za ki faɗi. Hau mana, katako ne kawai."

"Riƙe ni dai, 'yata."

Na riƙe ta. Tun daga ranar haka muke zuwa famfo, ita a cikin taɓo, ni ma a ciki, bokiti a ɗaya hannun. Nelson ya ce zai cire allunan, maƙwabta suka ce ba su yarda ba, kuma da gaskiyarsu. Tarin nata bai tafi ba.