Kyandir ɗin Ramiro

Duk shekara, idan ranar da mijinta Ramiro ya rasu ta zagayo, Eulalia takan kunna masa kyandir a majami'ar garinsu. Bana ta tarar an mayar da majami'ar ɗakin karatu.

Ta durƙusa inda ta saba, ta zaro ashana.

"Haba, Goggo!" in ji Nilda 'yar ƙaninta, mai kula da wurin. "So kike ki ƙona mana littattafai?"

"To, ina zan kai shi?"

Nilda ta sunkuyar da kai.

Eulalia ta fito bakin ƙofa ta kunna, tana kare wutar da tafin hannu. Sau uku iska tana kashewa. Sai ta mayar da kyandir ɗin jaka.

"Yi haƙuri, tsohona," ta ce a hankali.