Ranar da Malama Jucilene Ba Ta Tsaya Ba

Shekara da shekaru Jucilene tana koyar da yaran Santa Luzia, babu wanda ya taɓa tambayarta takarda. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta katako, a kan dogayen turaku saboda ambaliya, tana fuskantar kogin Purus. Duk yaron da ya iya rubuta sunansa a wannan gaɓar, a hannunta ya iya. Sai ga shi rana tsaka hukumar ilimi ta aiko cewa daga sabuwar shekara duk malamin da ba shi da digiri ya nemi wata sana'ar. Ka ji fa! Sai ka ce digiri kifi ne da za a jefa koma a kamo.

Jami'ar birni ba ta talaka ba ce, kuma in ta tafi wa zai riƙe mata ajin? Don haka ta shiga karatun nan na nesa mai araha, wanda ake yi ta waya. Daɗinsa shi ne duk darasin da mutum ya ga ya riga ya iya, ba sai ya biya kuɗin zangonsa ba, ya zauna jarrabawarsa kawai, in ya ci a lissafa masa. Da haka ta riƙa tsinke darussan ɗaya bayan ɗaya. In an tashi makaranta sai ta zagaya bayan ɗakin shan magani, inda sabis ke ɗan leƙowa, ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale tana karatu, sauro na ta cizonta ko a jikinta.

Ya rage saura jarrabawa ɗaya, ta ƙarshe, ita kuwa ba a yinta ta waya. Sai mutum ya je cibiyar makarantar a birni da ƙafarsa, kafin a rufe ƙofa da tsakar rana. Wanda ya makara sai baɗi, kafin baɗi kuwa ajin Jucilene ya zama na wani.

A shekarar rani ya yi tsanani, kogi ya janye har yashi ya fito fili, babban jirgin fasinja ya daina zuwa. Babu abin hawa sai kwalekwale mai inji na ƙaninta Valdenor, shi kuwa ya tafi kamun kifi can tafki, bai dawo ba sai ana gobe jarrabawa. Da asuba suka tashi.

"Yaya, zauna wuri ɗaya mana," in ji Valdenor. "In kika kifar da mu, a tumbin kada za ki karɓi digirin."

"Kai dai ja injinka, sarkin surutu. Wannan akwalar taka ko kunkuru ya fi ta sauri."

"Akwalar ce dai za ta mai da ke babbar malama."

Raha ba ta yi nisa ba, don kwalekwalen ya yi ta kafewa a yashi. Su sauka su tura, su hau, can gaba ya sake kafewa. Kafin su kai rabin hanya rana ta ɗaga.

To, akwai doka ɗaya a kogin nan da ba a rubuta ba: in aka kaɗa maka ƙyalle daga gaɓa, ka tsaya, ko da maƙiyinka ne. Inda babu mota babu titi, wanda ke kan ruwa shi ne motar asibitin kowa. Sai dai kowace doka da mai wasa da ita, a nan kuwa Dona Osmarina ce, kakar wata ɗalibar Jucilene mai suna Tainara. Tsohuwar nan ta sha kaɗa wa mutane ƙyalle don kawai a kai wa ɗanta buhun garin rogo a birni, in ka tsaya kuma ta tsare ka da kofi da labarin ciwon gwiwarta.

Suna shawo kwanar gidanta kuwa sai ga ta a bakin ruwa, tana kaɗa ƙyalle. Valdenor ya rage wutar inji.

"Wuce," in ji Jucilene.

"Yaya, ƙyalle ne fa."

"Na ga ƙyallen, ba makauniya ba ce ni. Garin rogo ne. Wuce, in muna dawowa ma tsaya."

"Hannu bibbiyu take kaɗawa."

"Valdenor, don girman Allah! Dubi rana. In na rasa jarrabawar nan, kai za ka ba ni aji?"

Ya dube ta, ya dubi gaɓa, ya ƙara wuta. Ƙarar injin ta danne duk abin da tsohuwar ke faɗa. Jucilene ta sunkuyar da kai a kan littafinta, ba ta waiwaya ba har suka ɓace wa gidan.

Ana shirin jawo ƙofar cibiyar jarrabawar ta shiga, rigarta jiƙe da ruwan kogi. Tambayoyin kuwa kamar ita ta tsara su, ta amsa su tas. Ta fito tana jin kanta sakayau, har ta saya wa Valdenor soyayyen kifi a bakin tasha. Bai kai ga taɓa kifin ba wani mai kwalekwale ɗan yankinsu ya iso ya tsaya a kansu, ko gaisuwa babu.

"Ku ne kuka wuce gidan Dona Osmarina da safe?"

Bai jira amsarsu ba, ya ci gaba.

"Maciji ne ya sari Tainara a gonar rogo. Ni na kawo ta yanzun nan. Ƙafar ta yi baƙi har gwiwa."

Allurar maganin dafi tana nan a asibitin birni, tun safe tana nan. Da yarinyar ta zo da tsakar rana, in ji likita, da kwana kaɗan za ta yi ta koma gida da ƙafarta. Da yake sai la'asar ta iso, ranta kawai suka iya cetowa. Suka yanke ƙafar.

Babu wanda ya zagi Jucilene a Santa Luzia, da ma zaginta suka yi da ta fi samun sauƙi. In ta je wanki bakin ruwa, mata su matsa can gefe. A coci bencin da ta zauna ya zama nata ita kaɗai. Valdenor ya sayar da injinsa ya tafi aikin katako wani kogin, bai yi mata sallama ba. Ana cikin haka sakamako ya fito a waya: ta ci, ta gama, hukuma ta tabbatar mata da ajinta. Ta karanta saƙon a bayan ɗakin shan magani, ta nemi farin ciki a zuciyarta ta rasa. Baƙin ciki ne kawai da kunya.

Ranar da aka koma makaranta ta share ɗakin, ta goge allo, ta jera bencuna. Ta ji hayaniyar yara a kan ruwa, ta leƙa. Kwalekwale ne bayan kwalekwale, iyaye na tuƙa 'ya'yansu, suna wuce matakalar makarantarta zuwa ta ƙauyen gaba, mai nisan gaske. Wani ƙaramin yaro ya ɗaga mata hannu, uwarsa ta sauke hannun. Jucilene ta san ƙa'ida: makarantar da ba ta da ɗalibai rufe ta ake yi.

Da yamma ta ari kwalekwale ta tuƙa kanta zuwa gidan Dona Osmarina. Ta tarar da tsohuwar tana tankaɗen gari a rumfa, Tainara na kwance a ragar lilo, zane rufe da inda ƙafar take a da. Yarinyar ta juyar da fuska bango.

Jucilene ta durƙusa.

"Dona Osmarina, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ki. Tashi, kada ki ɓata siket ɗinki." Tsohuwar ba ta daina tankaɗe ba. "Abu ɗaya nake son ji daga bakinki, Malama. Jarrabawar nan, kin ci?"

"Na ci," in ji Jucilene.

"To, madalla," in ji Dona Osmarina. "Da kin faɗi, da ƙafar yarinyar nan ta tafi a banza."