Hantar Barewar Mish'al

Ƙanena Mish'al shekararsa ashirin da ɗaya. Tun haihuwa harshensa da nauyi, abu kuma sai an maimaita masa kafin ya zauna a kansa, amma in ya zauna, to ya zauna ke nan. Wata shida ya yi yana roƙon Kawu Abdulgaffar ya tafi da shi farautar barewa. Duk samarin danginmu na unguwar Hindawiyya an kai su, shi kaɗai ake bari a gida. Ba wani abu yake so ba, a ce dai shi ma ya harba da hannunsa.

Ranar Asabar da safe muka kama hanyar Usfan, can bayan gari, mu huɗu: Kawu, ɗansa Turki, ni da Mish'al. Ni na ɗauka daji za mu shiga. Ashe gonar wani abokin Kawu ce, an kewaye ta da waya, bareyi kamar goma a ciki, kowace da lambar roba a kunne. Mai gadi ya kaɗa bokitin sha'ir, sai ga su suna tahowa kamar awakin gida. Tun nan raina ya fara ɓaci.

Kawu ya ja ni bayan mota.

"Hamad, bindigar da zan ba shi babu harsashi. Zan sa masa abin toshe kunne, Turki ya harba daga nan. Kai dai naka tafi."

"Kawu, ai an koya masa. A bar shi ya gwada mana, ko da ya kuskure."

"Ya kuskure ya sami ƙafar wani? Halas, shi ke nan. Farin ciki za mu sa shi."

Ban hana ba. Abin nan har yau in na tuna shi sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Mish'al ya durƙusa, gumi yana bin wuyansa. Kawu ya tsaya a kansa da waya yana ɗaukar hoto. Mish'al ya daɗe yana saiti, sannan ya ce "Bismillahi, Allahu akbar" da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yin komai. Turki yana gefena, ya jingina da mota, sigari a baki, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya danna kunamar bindigarsa. Ina kallon bakinsa, bai ce komai ba.

Barewar ta faɗi da hatsi a bakinta. Kafin mai gadi ya iso da wuƙa ta riga ta daina motsi.

"Ba komai," in ji mai gadi. "Maharbi ya yi bisimilla, duk mun ji."

Mish'al ya rungume ni har sai da na ji ƙashina. Na yi tafin da aka ce in yi.

A danginmu wanda ya harba shi ke raba hanta. Aka gasa ta a gindin bishiya, Mish'al ya ɗauki faranti yana zagayawa. Kawu ya ɗauka. Turki ya ɗauki biyu yana cewa "Yalla, sarkin maharba, ƙaro mana," maiƙo na bin gemunsa. Da faranti ya zo gabana na dubi naman, tsakiyarsa ja, ƙuda biyu a gefe. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san dabbar da ta mutu ba yanka, wanda ya kashe ta bai ambaci Allah ba, mushe ce. Ban ɗauka ba.

"Yaya, ci."

"Cikina ne ba daɗi."

"Ƙarya. Kana son hanta."

Kawu ya harare ni. "Ci mana, kai kuma."

"Kawu, wanda ya harba bai yi bisimilla ba," na ce, a hankali.

"Na yi," in ji Mish'al. "Da ƙarfi na yi."

Turki ya tsaya da tauna. "To ustazu, mantawa na yi. Ai mantuwa ba laifi ba ce."

Mish'al ya dubi Turki, ya daɗe yana dubansa. Ya ajiye faranti a ƙasa, ya tafi wurin mota, ya ɗauko bindigar da aka ba shi. Ya buɗe ta ya leƙa, ya kai bakinta hancinsa ya shinshina.

"Ba ta wari," ya ce.

"Habibi, zo ka ji," in ji Kawu. Bai zo ba. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya shiga mota ya rufe.

A hanya muna kujerar baya, har mun shigo gari sannan ya ce, "Yaya, ka sani?"

"Na sani."

Ya matsa can jikin ƙofa. Bai sake dubana ba.

Da muka isa gida Umma ta tarbe mu a bakin bene da murna, Kawu ya riga ya tura mata hoton. "Ina maharbina?"

Mish'al ya cire takalmansa ya jera su.

"Turki ne," ya ce, ya wuce ɗaki.