Ƙwaya Huɗu, Mutum Biyu

Abarshi ya shimfiɗa ƙwayoyi huɗu a tafin hannunsa, ya ture biyu gefe da ɗan yatsa, ya miƙa wa wansa Labo.

"Yaya, karɓi naka."

Labo ya haɗiye, tari ya turnuƙe shi har ya dafa bango.

A likitar Tajaye, ƙaramin asibitin garinsu, Abarshi kaɗai aka rubuta. Majo Humaira, shugabar likitar, ta auna nauyinsa, ta ce tarin fuka ne, ƙwaya huɗu kullum har wata shida, kyauta. Labo kuwa ya rantse ba zai tofa majina cikin gwangwani gaban yarinya sa'ar 'yar cikinsa ba. Taurin kai ne, wallahi, amma wa zai tanƙwara tsoho? Shi kuma Abarshi, tun suna yara ko ƙwarar gyaɗa bai taɓa ci ba Labo na kallo. To, yaya za a yi ya haɗiye lafiya shi kaɗai, wansa na tofar da jini a zaure?

*

Wata biyu, duk suka ji dama. Har gona suka je tare, Labo na tsokanar ƙanen nasa: "Ka gani? Likitan ga ɓarna gare su. Rabi ma ya isa."

A wata na huɗu tarin ya dawo da ƙarfinsa. Ranar wata Laraba aka kai Labo makwancinsa.

*

Majo Humaira ta daɗe tana duban takardar gwajin.

"Baba, kana shan huɗun nan kullum?"

"Tun da Yaya ya rasu, huɗu nike sha."

"Kafin nan fa?"

Ya gaya mata, ba tare da jin ya yi laifi ba. Ta ajiye biro, idanunta suka ciko.

"Baba, rabin magani bai kashe ciwon ga, koya mishi dabara yake. Yanzu ya daina jin wanga magani. Sai mun tura ka babban asibiti, kuma duk wanda ya ɗauka daga gare ka, irin naka zai ɗauka. Akwai mai tari a gida?"

Abarshi ya juya ya dubi taga. Can gindin itacen bedi matarsa Hindu na zaune tana jiransa, ta cusa gefen gyalenta cikin baki, kafaɗunta na girgiza, don kada a ji tarinta.