Baƙon Ƙwaro a Gafasa

Halima Sadiya ta dawo Gafasa hutu da kwalabe da madubin ƙara girma, wai binciken kammala digiri take yi a kan ƙwari masu sheƙi, irin waɗanda ke cin ganyen gawo da bagaruwa. Mutanen gida kuwa suka samu abin dariya, an kai yarinya jami'a ta dawo tana bin ƙwaro a gona.

Abin na cinta a rai. Duk wanda ta kamo, an raɗa masa suna tun kafin a haifi kakanta, ga shi malaminta ya ce kada ta kawo masa abin da kowa ya sani.

Ran nan da hantsi tana shara sai ta tsinci wani fiffike, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, kore da ratsin ja, yana walƙiya. Ta auna, ta duba zanen bayansa, ta gwada da hotuna a wayarta. Ta sake, ta kuma, amsar dai ɗaya ce: na wani ƙwaron dazukan Kudancin Amurka ne. A tsakar gidansu! Daɗi kamar ya kashe ta. Nan take ta danna lambar malamin.

Sai ga Gwaggo Kubura, ƙanwar babanta da ta zo biki daga Gaya, tana dube-dube a ƙasa.

"Ke Halima, ba ki ga ɗan kunnena ba?"

Halima ta ɗaga kai. Ga irinsa sak yana lilo a kunnen Gwaggo. Sai a lokacin ta lura da 'yar huda a bakin fiffiken. Ta yi maza ta katse kiran.

"Gwaggo, ina kika samo shi?"

"Tsarabar Dubai ce. Wani dutse ne mai tsada, ba kowa ke da shi ba."

"Fiffiken ƙwaro ne fa, Gwaggo."

Gwaggo ta tuna gidajen bikin da ta yi yanga da shi. Ta cire ɗayan, ta miƙo da yatsu biyu.

"Ungo, haɗa. In matan Gaya suka ji, ni da ke ne."

Can malamin ya biyo kiran. Cike da kunya Halima ta tura masa hoto.

"Kin gane shi daidai," in ji shi, "kuma ban koya muku ƙwarin can ba. Idonki ya buɗe, shi nake nema. Amma a ina kika same shi?"

Halima ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta zare mata ido.

"Malam, an hana ni faɗa."