Wa Ya Yi Na-Duma?

Malam Tambaya yana duƙe yana buɗe wa tumatirinsa ruwa da fartanya, sai ya hango wata mata ta sauko daga adaidaita-sahu rungume da kwali, ta nufo shi ta kan kunya.

Ta rusuna ta ce, "Baba, sannu da aiki. Sunana Ilham. Daga gidan talabijin ɗin da ka yi wa aiki nake."

Ta buɗe kwalin. Ga Na-Duma kwance, ɗan tsanan nan da yaran Kano suke barin tuwo ya huce saboda shi shekara talatin da suka wuce. Kansa duma ne, idanunsa maɓallan riga, bakinsa yana motsi in an zura hannu ta ciki. Tambaya ne ya fafe duman, shi ya ɗinka jikin, shi ne kuma muryarsa. Da aka daina shirin, gidan talabijin ya ce kayansa ne, aka jefa shi sito. Shekara goma Tambaya yana zirga-zirga tsakanin garinsu Bunkure da Kano, yana roƙon a rubuta cewa shi ya ƙirƙiro shi. Ko kujera ba a ba shi.

Ilham ta ce, "Za a dawo da shirin. Ɗan tsanan yana nan na gidan talabijin, amma an yarda a rubuta sunan wanda ya yi shi. Hannu kawai za ka sa."

Ka ji ikon Allah. Abin ya zo a lokacin da yake gudunsa. Bara waccan, yana tashi daga jinya, ya ji a wurin wa'azi cewa duk wanda ya yi siffar abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Wani malamin ya ce masa kayan wasan yara ba sa ciki. Tambaya bai riƙe wannan ba, ya riƙe maganar farko, ita ta bi shi har cikin sujada. Abu ɗaya yake lallashin kansa da shi: ai a takarda ba nasa ba ne. Sai ka ce da fayil ɗin ofis mala'iku suke aiki.

Ya saci kallon kwalin. Maɓallan nan biyu suna kallonsa, bakin a ɗan buɗe. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya ce, "'Yata, ba ni na yi shi ba. Murya kawai nake yi."

Ilham ta duba takardunta. "To, ba komai, Baba. A tsohon fayil akwai sunan wani Salisu tela. Tunda ba kai ba ne, shi za mu rubuta."

Salisu, amininsa. Hula kaɗai ya ɗinka wa Na-Duma, ita ma sai da Tambaya ya yi ta naci. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma Tambaya ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Ruwa ya cika kwamin tumatir ya fara malala, bai ko kula ba. Shi mai rai ne, yana da bakin neman gafara safe da yamma. Salisu fa? Mutum yana kwance ba ya iya cewa ƙarya ne, a ɗauki kayan wani a ɗora masa?

Ilham ta rufe kwalin ta miƙe.

"Dakata," in ji shi. "Kada ki taɓa sunan Salisu. Ƙarya na yi miki. Ni na yi shi, daga kai har ƙafa."

Ta miƙa masa biro. Ta danne masa takardar a kan kwalin, ya rubuta sunansa.