Darma a Tsakar Gidan Jalo

Jalo mijin ƙanwata Dijatu ne, kuma duk Azare ban ga mai jin kansa da wayo irinsa ba. Sana'arsa sayen matattun baturan mota, ya farfasa, ya narke darmar ciki ya sayar. Masu hankali can bayan gari suke wannan aiki. Shi kuwa gogan naka a tsakar gidansa yake yi, dab da murhun girki, wai kada mutane su ga samunsa su sa masa baki.

To, baki dai bai kama shi ba. Dijatu ce ta sha hayaƙi wata tara cur tana ɗauke da cikin Sherif, ita ke share tokar, ita ke wanke masa kayan aiki. Yau shekarar Sherif biyar, bai iya haɗa kalma uku ba. Jalo ya ce ai gado ne daga danginmu. Danginmu! Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Da Dijatu ta sake samun ciki, ya kai wata huɗu, sai na ja ta awo asibiti, muka tafi da yaron. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Joan ta tambayi sana'ar maigidan, ta sa aka ɗebi jininsu. Ranar da muka koma ta ce wa Dijatu, “Darma ce a jininku, ke da shi. Tana ratsawa har wajen ɗan da ke ciki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ko a daina narkawa, ko ki bar gidan.”

Na sami Jalo a zaure yana cin goro, na zayyana masa komai.

“Haba Yaya Baturiya,” in ji shi, “ni da nake tsaye a kan wutar kullum, me ya same ni?”

Na dube shi sama da ƙasa.

Can ya ce, “Dabbobi ma tana taɓa su?”

“Har kashe su take yi.”

Nan fa fuskarsa ta sauya. Ya ce a bar shi da maganar.

Washegari da safe na tarar da a-kori-kura a ƙofar gidan. Wallahi har na yi hamdala, na ɗauka baturan za a kwashe. Ashe ragunan layyarsa biyu ake lodawa, za a kai su Giade wajen ƙanensa su sha iska mai kyau. A ciki kuwa wuta na ci, Dijatu na duƙe da tsintsiya.

Na fizge tsintsiyar na yar. “Ɗauko mayafinki da ɗanki.”

Jalo ya biyo mu har waje. “To wa zai yi min girki?”

Ko waiwayensa ban yi ba. Mun yi nisa a cikin Keke Napep kafin Dijatu ta buɗe baki, hannunta a kan cikinta.

“Yaya, wata huɗun da na cikin nan ya riga ya sha hayaƙin fa?”

Na gyara wa Sherif zama a cinyata.